Zaɓen laburaren sauti don wasan bidiyo: dacewa da na'urori da kuma tsawon kulawa

Duk mai shirin gina wasan bidiyo, da zarar ya kai ga batun sauti, abin da ya fi saurin dubawa shi ne jerin na'urorin da kowane laburare, wato shiryayyar lambar manhaja da wasan zai riƙa kira don fitar da sauti, ya ce yana aiki a kansu. Wannan jerin yana da amfani, amma halin da ake ciki a rana ɗaya kawai yake nunawa, domin na'urori da manyan manhajojin da ke tafiyar da su ba sa zama wuri guda, alhali wasan da ya fito bana ana sa ran a ci gaba da sayar da shi, ana kuma yi masa gyara, har shekara takwas ko goma. Saboda haka tambayar da ta fi nauyi ita ce: ranar da Microsoft ko Apple ko Google suka sauya ginshiƙin da laburaren yake tsaye a kai, wa ke da ikon sake gina shi, kuma shin zai ga dama ya yi?

Abin da ya faru da katunan sauti ya isa ya nuna cewa tambayar ba ta zato ba ce. A ƙarshen shekarun 1990 wasanni da yawa sun jingina sautinsu a kan katin da ke cikin kwamfuta, ko dai ta fasahar A3D ta kamfanin Aureal, ko ta EAX wadda Creative ya fito da ita a 1998 tare da katin Sound Blaster Live!, kuma katin ne da kansa yake lissafin amsa-kuwwar ɗaki da inda ƙara take fitowa. Aureal ya durƙushe a 2000, Creative ya saye kadarorinsa, A3D kuma ta kwanta dama. EAX ta ƙara wasu shekaru, har zuwa fitowar Windows Vista a farkon 2007, wadda ta toshe hanyar da DirectSound, tsarin sautin wasanni na Windows, ke bi kai tsaye zuwa katin. Katin yana nan lafiya lau, wasan ma ba a taɓa shi ba, amma amsa-kuwwa ta ɓace, wasu wasannin kuma suka koma lasifika biyu daga zagayayyen sauti. Sai da Creative ya fitar da manhajar ALchemy mai karɓar kiran DirectSound3D tana mayar da shi na OpenAL, wani laburaren sauti dabam, daga baya kuma masu sa kai suka rubuta DSOAL don irin wannan aikin.

Tun daga lokacin kusan kowane laburare ya koma haɗa sauti a kan furosesa, ya miƙa wa babbar manhaja abin da ya riga ya gama haɗawa. Wannan ya sauya ma'anar dacewa da na'ura gaba ɗaya. A yau babu mai tambayar ko laburare ya san wani katin sauti. Abin tambaya shi ne ƙofofin da ya san bi, wato hanyoyin da kowace babbar manhaja ta tanadar don karɓar sauti. A Windows akwai WASAPI, a na'urorin Apple akwai Core Audio, a Android akwai tsohuwar OpenSL ES da kuma AAudio wadda ta zo da Android 8.0 a 2017, a burauza akwai Web Audio. Linux ce ta fi yawan sauyi, daga OSS zuwa ALSA, daga nan PulseAudio ta hau kai, sannan PipeWire wadda Fedora 34 ta mayar ita ce ta asali a 2021, Ubuntu ta biyo baya a sigar 22.10. Sa'ar da aka yi ita ce PipeWire tana amsa kiran da aka yi wa PulseAudio da ALSA da JACK, don haka laburaren da bai san ta da suna ba ma yana samun hanyar fita.

Inda laburare yake nuna ainihin ingancinsa shi ne lokacin da na'urar sauti ta sauya ana tsakiyar wasa. A ɗauka mai wasa yana sanye da abin sauraro na USB, sai ya taka wayar ta fizge. A Windows, kiran da wasan zai yi na gaba zai dawo da kuskuren AUDCLNT_E_DEVICE_INVALIDATED, kuma daga nan dole ne wani ya rufe tsohuwar hanyar, ya tambayi wace na'ura ce ta zama ta asali, ya buɗe ta, ya lura cewa wataƙila ita tana aiki a kan samfur 44,100 a daƙiƙa maimakon 48,000, ko tana da lasifika shida maimakon biyu, sannan ya ci gaba da kiɗan daga inda ya tsaya. Laburaren da bai iya wannan ba zai bar wasan shiru har sai an rufe an sake buɗewa, wani ma ya daskarar da shi. Bluetooth ta ƙara dagula lamarin, domin yawancin abubuwan sauraronta, da zarar an buɗe makirufo don hira, sukan koma wani tsari mai tasha ɗaya da sauti maras kyau, wanda a idon laburare tamkar an cire na'ura ce an saka wata. Manyan laburaran kasuwa, FMOD da Wwise, suna kula da wannan da kansu. Laburaran kyauta SDL3 da miniaudio suna bin na'urar asali duk inda ta koma, muddin ita aka buɗe tun farko. A OpenAL kuwa, ƙa'idar asali ba ta tanadi komai ba, sai ƙarin ALC_EXT_disconnect mai sanar da cewa na'ura ta tafi, da ALC_SOFT_reopen_device wanda OpenAL Soft ya kawo a sigar 1.22, kuma mai rubuta wasan ne zai kira su da hannunsa.

Batun jinkiri bai bambanta laburaran sosai ba kamar yadda ake zato, domin lissafi ne. Ma'ajiyar samfur 512 a kan 48,000 a daƙiƙa tana ɗaukar kusan milisakan 10.7, ta 1,024 kuma kusan 21.3, kuma yawancin laburaran da aka ambata a nan suna ba da damar rage ta ko ƙara ta. Inda bambanci yake fitowa shi ne Android, saboda ɗimbin wayoyi da direbobinsu masu hali daban-daban. A can Google ta rubuta Oboe, wadda take zaɓar AAudio a sababbin wayoyi ta koma OpenSL ES a tsofaffi, tana kuma ɗauke da dabarun kauce wa matsalolin wasu wayoyin da aka riga aka sani.

Wani ɓangare na dacewa, wanda a ganina ya fi sauran kashe wasanni, shi ne sauyin furosesa da ƙa'idojin kantunan manhaja. iOS 11 ta daina buɗe manhajojin bit 32 a 2017, macOS Catalina ta yi haka a 2019, Google Play kuma ta wajabta sigar bit 64 daga watan Agustan 2019. A Nuwamban 2020 Apple ta fito da furosesar M1, kuma ko da yake Rosetta 2 tana fassara tsofaffin manhajoji, ba ta yarda a cakuɗa ba: wasan da aka gina don sabuwar furosesa ba zai iya loda laburaren da aka gina don ta Intel ba, ko da fayil ɗaya ne tak. Na baya-bayan nan shi ne sharaɗin Google Play na Nuwamban 2025, cewa manhajojin da ke nufin Android 15 zuwa sama su yi aiki da shafukan ƙwaƙwalwa masu girman kilobayit 16 maimakon 4. Ga wanda ke riƙe da lambar tushe, wato ainihin rubutun da aka gina laburaren da shi, aikin bai wuce sauya saiti da sake ginawa ba. Ga wanda fayil ɗin da aka riga aka gina kawai yake hannunsa, babu abin yi sai jiran mai shi ya fitar da sabo, kuma sabon yakan zo ne a sigar da ta yi wa tasa nisa, wadda za ta tilasta masa taɓa abubuwan da bai yi niyya ba.

Da wannan ma'aunin za a fi gane matsayin FMOD da Wwise, waɗanda su ne manyan na kasuwa. FMOD na kamfanin Firelight Technologies ne da ke Melbourne a Ostareliya, kuma Brett Paterson ya fara shi tun 1995, don haka ya ga zamanin katunan sauti ya kuma wuce shi. Wwise na Audiokinetic ne da ke Montreal a Kanada, ya fito a 2006. Dukansu biyun sun wuce laburare kawai, domin kowanne yana zuwa da manhajar da mai tsara sauti yake zama a gabanta yana shirya yadda kiɗa zai sauya idan abokin gaba ya matso, ko yadda takun ƙafa zai bambanta a kan katako da kan dutse, ba tare da ya taɓa lambar wasan ba. Dukansu suna aiki a Windows da macOS da Linux da iOS da Android, kuma, abin da ya fi muhimmanci, a PlayStation da Xbox da Nintendo Switch. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, saboda kayan aikin waɗannan na'urorin suna ƙarƙashin yarjejeniyar sirri, kuma kowace tana da nata abin na musamman, kamar tsarin matse sauti na ATRAC9 a PlayStation da XMA a Xbox, ko injin Tempest na sauti mai zurfi a PlayStation 5. Kamfanonin biyu suna samun kayan gwaji tun kafin na'ura ta shiga kasuwa, abin da aikin sa kai ba ya samu.

Bambancin da ke tsakaninsu ya fi karkata ga salon aiki. Manhajar FMOD Studio ta yi kama da ta ɗakin naɗar sauti, shi ya sa ƙananan tawagogi suke saurin sabawa da ita, kuma wasanni irin su Celeste da Hades da shi aka yi su. Wwise ya fi dacewa da aikin da fayilolin sautinsa suka kai dubbai, da harsuna da yawa, da mutane da dama suna aiki a kai lokaci guda, sai dai koyonsa yana ɗaukar lokaci. Ta fuskar tsawon kulawa kuwa, kowanne yana da abin lura. FMOD ya taɓa yin babban tsalle daga FMOD Ex da manhajar Designer zuwa FMOD Studio a 2013, kuma wasannin da suka tsaya a kan Ex sun tsaya ne a kan sigar da aka daina ciyar da ita gaba. GZDoom, injin da ake buga tsohon wasan Doom da shi, yana cikin waɗanda abin ya shafa: a 2017 masu kula da shi suka cire FMOD Ex suka koma OpenAL, wanda hakan ya ba su damar sanya aikin a ƙarƙashin lasisin GPL. Wwise yana fitar da babbar siga mai ɗauke da sunan shekara, kamar 2022.1 ko 2023.1, kuma ƙaura daga wannan zuwa waccan tana nufin ɗaukaka aikin mai tsara sauti da sake samar da duk kundin sautin, hanyar kuma ba ta komawa baya. A FMOD ma fayilolin da ake ginawa da su dole su yi daidai da laburaren da ake lodawa, in ba haka ba kuskuren FMOD_ERR_HEADER_MISMATCH ne zai tarbi mutum tun a kiran farko.

Akwai kuma batun mallaka. Sony Interactive Entertainment ta saye Audiokinetic a 2019, kuma Wwise ya ci gaba da aiki a Xbox da Switch kamar da, don haka fargabar da aka yi a lokacin ba ta tabbata ba. Haka Epic Games ta saye RAD Game Tools a 2021, kamfanin da ke riƙe da laburaren sauti na Miles Sound System, wanda ya samo asali tun 1991. Ba na ganin waɗannan a matsayin dalilin gudun kayan kasuwa, amma dalili ne na karanta lasisi da kyau. Amfani da laburare rufaffe kamar zaman gidan haya ne: gyara na mai gida ne, wanda hakan sauƙi ne babba, amma ranar da ya sayar da gidan ko ya daina gyara, ɗan haya ba shi da ta cewa. Firelight da Audiokinetic suna barin ƙananan masu gina wasa su yi amfani kyauta idan kasafin kuɗinsu bai kai wani mataki ba, kuma matakin ya sha sauyawa, don haka sai an duba sharuɗɗan ranar da za a sa hannu. Audiokinetic yana ba wasu masu lasisi damar samun lambar tushen injin sautinsa, wanda hakan yana rage haɗarin ƙwarai ga wanda ya samu.

A ɗaya gefen, OpenAL shi ne misalin yadda buɗaɗɗen aiki yake rayuwa bayan masu shi sun juya masa baya. Kamfanin Loki Software ne ya fara shi a 2000 don kai wasannin Windows zuwa Linux, Loki ya rufe ba da daɗewa ba, Creative ya karɓa, ƙa'idar kuma ta tsaya a sigar 1.1 tun tsakiyar shekarun 2000. Apple ma, wadda ta daɗe tana saka nata OpenAL a cikin babbar manhajarta, ta ayyana shi a matsayin wanda za a daina amfani da shi a macOS 10.15. Duk da haka OpenAL Soft, wanda Chris Robinson yake jagoranta, yana nan da ransa, kuma da shi Minecraft na Java yake fitar da sautinsa. Ya san WASAPI da Core Audio da ALSA da PulseAudio da PipeWire da JACK da OpenSL ES da Oboe, yana da HRTF mai sa mai abin sauraro ya ji ƙara a bayansa ko a samansa, kuma tun sigar 1.22 yana kwaikwayon EAX a kan furosesa, wato abin da Vista ta kashe ya dawo ba tare da katin ba. A cikin laburaran kyauta, babu wanda ya kai shi a sauti mai zurfi uku.

Lasisinsa na LGPL yana da fuska biyu, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Sharaɗin shi ne mai amfani ya iya musanya laburaren da nasa, wanda a aikace yake nufin ajiye shi a fayil dabam. A kwamfuta wannan alheri ne: wasan da aka daina kula da shi shekara goma sha biyar, mai wasa yana iya sauko da sabon OpenAL Soft, ya sauya sunan soft_oal.dll zuwa OpenAL32.dll, ya ajiye a babban fayil ɗin wasan, sai tsohon wasan ya fara magana da sababbin na'urori. A na'urorin wasa rufaffu kuwa, inda mai wasa ba shi da ikon musanya komai kuma lambar da ke magana da na'urar sirri ce, cika wannan sharaɗin yana da wuya ƙwarai. Sannan OpenAL ba ya buɗe fayilolin sauti da kansa, sai an haɗa shi da wani abin da zai warware Vorbis ko Opus ko FLAC, kuma babu manhajar mai tsara sauti.

XAudio2 na Microsoft shi ne magajin DirectSound a wasanni, kuma yana da ƙarfi a Windows da Xbox, amma iyakarsa ke nan. Tarihin sigoginsa ma darasi ne, domin 2.7 tana cikin kayan DirectX na Yunin 2010, 2.8 ta zo a ɗaure da Windows 8, 2.9 da Windows 10, kuma an ɗauki shekaru masu gina wasa suna riƙe da 2.7 don kada su rasa masu Windows 7, kafin Microsoft ta fitar da 2.9 da ake iya rabawa tare da wasa. Abin da ya buɗe masa hanya zuwa waje shi ne FAudio, wanda Ethan Lee ya jagoranci rubutawa a ƙarƙashin lasisin zlib, kuma Wine, manhajar da ke kunna manhajojin Windows a Linux, ya ɗauke shi a 2019. Ta wannan hanyar ce wasannin Windows da yawa suke samun sauti a Linux da Steam Deck. Wanda ya riga ya saba da XAudio2 yana iya ɗaukar FAudio ya tafi da iliminsa wasu na'urorin.

SDL kuwa, laburaren da ke kula da taga da madannai da sauti, a batun tsawon kulawa, ban ga na biyunsa ba. Sam Lantinga ya fito da shi a 1998, SDL 2.0 ta zo a 2013 da lasisin zlib mai sauƙi, SDL3 kuma ta fito a Janairun 2025, kuma Valve tana dogara da shi a Steam, kantinta na sayar da wasanni, wanda hakan yake nufin akwai kamfanin da zai yi asara idan ya lalace. Masu kula da shi sun ɗauki tsofaffin wasanni da muhimmanci fiye da kowa: sun rubuta sdl12-compat don wasan da aka gina da sigar 1.2 ya hau kan SDL2, da sdl2-compat don na SDL2 ya hau kan SDL3, kuma akwai saitin SDL_DYNAMIC_API da ke ba da damar cusa sabon SDL a cikin wasan da aka riga aka narkar da tsohon a jikinsa. Sai dai sautin SDL ƙofa ce kawai zuwa lasifika. SDL_mixer na zamanin SDL2 yana kunna ƙararraki a tashoshi da yawa, amma kiɗa ɗaya ne tak a lokaci guda, kuma abin da yake yi na nesa da kusa bai wuce rage ƙarfi da karkatarwa hagu ko dama ba. Ga wasa mai fuska biyu wannan ya wadatar; ga wanda mai wasa zai dogara da kunnensa don gane inda ake harbinsa, bai isa ba.

miniaudio na David Reid ya bi wata hanyar dabam. Ƙaramin aiki ne da aka rubuta da harshen C, ana jefa shi kai tsaye a cikin lambar wasa, lasisinsa kuma ko dai mallakar kowa ko MIT-0, wanda ba ya neman ko ambaton suna. Yana warware WAV da FLAC da MP3 da kansa, yana loda ƙofofin Linux a lokacin da wasa yake tashi maimakon lokacin gini, kuma tun sigar 0.11 yana da injin da ke haɗa ƙararraki da sanya su a wurare. Laburaren gina wasa na raylib yana amfani da shi, takwararsa SFML ma ta bar OpenAL ta koma kansa a sigarta ta 3 a ƙarshen 2024. Raunin da yake da shi a bayyane yake: kusan mutum ɗaya ne ƙashin bayansa, lambar sigarsa har yanzu da sifili take farawa, kuma marubucin ya faɗa a fili cewa ba ya lamunce daidaiton fayil ɗin da aka gina tsakanin siga da siga, don haka dabarar musanya fayil da ke ceton wasannin OpenAL da SDL ba ta aiki a nan. Abin da ya rage masa haɗari shi ne duk lambar tana cikin aikin mai wasan, ko marubucin ya daina gobe, babu abin da zai hana sake ginawa. Ba ya zuwa da ƙofar PlayStation ko Switch, amma ya bar wurin da mutum zai rubuta tasa.

SoLoud na Jari Komppa yana da sauƙin amfani da lasisin zlib, amma cikakkiyar sigarsa ta ƙarshe ta Fabrairun 2020 ce, don haka mai ɗaukarsa ya sani cewa kulawar ta koma wuyansa. BASS na Un4seen rufaffe ne, kyauta ga aikin da ba na kasuwanci ba, kuma ya shahara da rashin sauya fasalin kiransa, shi ya sa wasan kiɗa na osu! ya daɗe a kansa. Matsalarsa ita ce ta duk rufaffen laburare daga ƙaramin kamfani.

Wanda yake aiki da injin gina wasa irin su Unity ko Unreal ko Godot yana da zaɓin da ake yawan mantawa da shi, wato ya bar sautin injin yadda yake. Na Unity an gina shi ne a kan wata sigar FMOD, Unreal yana da nasa mai haɗa sauti da MetaSounds tun sigar 5, Godot ma yana da nasa. Ribar ita ce duk na'urar da injin ya isa, sautin ya isa. Da zarar an ƙara FMOD Studio ko Wwise a kai, an ƙara wani abu na uku da dole sigarsa ta dace da ta injin, kuma ba sabon abu ba ne tawaga ta kasa ɗaukaka injin saboda mahaɗin sautin bai fito ba tukuna. Haka abin yake da ƙarin kayan sauti mai zurfi. Steam Audio na Valve ya zama buɗaɗɗe gaba ɗaya a 2024 ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, shi kuwa Resonance Audio na Google, wanda aka buɗe a 2018, ya daɗe ba a ga wani babban motsi a kansa ba.

Idan za a yanke shawara, tambayar farko ita ce ko wasan zai je PlayStation ko Xbox ko Switch. In amsar e ce, kuma akwai mai tsara sauti a tawagar, to zaɓin ya rage tsakanin FMOD da Wwise, kuma girman aikin ne zai raba gardama, tare da wanda mai tsara sautin ya riga ya iya, domin koyon sabuwar manhaja ana tsakiyar aiki ya fi kuɗin lasisi tsada. In wasan na kwamfuta ne da waya da burauza, ni na fi karkata ga wanda lambar tushensa ke hannu: OpenAL Soft idan wurin da ƙara take fitowa yana cikin dabarun wasan, SDL idan an riga an ɗauke shi don taga da madannai kuma sautin mai sauƙi ne, miniaudio idan ana son abin da ba ya jingina da kowa. Game da burauza, ko wanne aka ɗauka, sai an tanadi cewa sauti ba ya tashi sai mai wasa ya danna wani abu a shafin, ƙa'idar da Chrome ya ɗora wa Web Audio tun 2018.

Kowanne aka zaɓa, kada kiran laburaren ya watsu a ko'ina cikin lambar wasa. A tara shi a fayil ɗaya mai 'yan ayyuka kaɗan, kamar kunna, tsayar, sauya ƙarfi, sanya wuri, don ranar ƙaura ta zama aikin fayil ɗin kaɗai. Wannan ya fi sauƙi da ƙananan laburaran. Da FMOD Studio ko Wwise, yawancin dabarun sautin suna cikin aikin mai tsara sauti ne, kuma wannan ba ya ƙaura zuwa wata manhajar sai an sake shi daga farko. Don haka wanda ya ɗauki ɗayansu ya kamata ya adana, tare da lambar wasan, ainihin sigar manhajar tsara sautin da aka yi aiki da ita, da laburaran kowace na'ura, da fayilolin WAV na asali tun kafin a matse su, sannan ya tabbatar a rubuce cewa lasisin ya ba shi damar fitar da gyara, da kai wasan wata sabuwar na'ura, bayan shekarun da aka yi ana sayar da shi.